Kayan Gidan Da Ba A Ɗauka A Ka



Ina rubuto muku ne daga ƙasar Sudan, daga yankin Kamlin da ke gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu a jihar Jazira, kusan rabin hanya tsakanin birnin Kartum da Wad Madani. Na san da yawanku kun taɓa jin cewa akwai Hausawa a Sudan, wataƙila ma a zuriyarku akwai kakan da ya tafi aikin hajji a ƙasa bai komo ba, aka riƙa ce wa yara yana gabas. To, mu ne jikokin mutanen gabas ɗin nan. Wasu daga cikin kakanninmu sun biyo hanyar Makka da jakuna da sanduna, guzuri ya ƙare musu, suka tsaya neman na gaba, tsayuwar ta zama zama. Wasu sun taho ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, suka biyo ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, wanda garin da ya kafa kusa da Sinnar yake amsa sunansa har yau. Wasu kuma aikin auduga ne ya jawo su, bayan da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin ban-ruwa na Jazira.

Na kawo wannan tarihi ne domin wanda ya yi tafiyar shekaru da iyalinsa yakan gane abin da mazaunin wuri ɗaya bai cika lura da shi ba, wato kayan gida iri biyu ne. Akwai wanda ake ɗauka a ka ko a bayan jaki, kamar tukunya da tabarma, wanda nauyi ko ɓarawo ko ambaliya za su iya raba mutum da shi. Akwai kuma wanda yake zaune cikin ɗabi'a, kamar yadda ake tashi da safe, yadda ake gaisawa, lokacin da ake cin abinci, da inda ake ajiye moɗa. Wannan na biyun ba shi da nauyi, ba a sayensa a kasuwa, kuma a ganina shi ne yake sa zaman gida ya yi daɗi ko ya yi ɗaci. A kansa nake so mu tattauna.

Mahaifina limami ne, kuma kowa ya san zauren liman rabinsa makaranta ne, rabinsa wurin sulhu. Tun ina ɗan yaro ni ne mai shimfiɗa tabarma da kawo shayi idan miji da waliyyin matarsa sun zo da magana. Abin da na tsinta a wannan hidima shi ne, ƙarar da ake kawowa kan zo da babban suna, a ce raini, ko rowa, ko rashin tarbiyya, amma idan Malam ya bi ta a hankali yana tambaya, sai a tarar da tushenta ɗan ƙaramin abu ne da aka yi ta maimaitawa: ya shigo bai yi sallama ba, ta ajiye abinci ba ta ce ga shi ba, an nemi makulli an rasa, an tambayi kuɗin cefane a gaban baƙi. Malam yakan ce da su gara ba ta rushe soro a rana ɗaya. Idan kuwa ƙananan abubuwa ne suke cinye gida, to ƙananan abubuwa ne kuma za su riƙe shi. Malamai sun sanar da mu, daga ruwayar Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah (SAW) ya fifita aikin da aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Mun saba jin wannan a babin nafila, alhali ya shafi sharar tsakar gida da gaisuwar safe.

Wannan magana da na ji a zaure, zamani ya zo ya gwada mana ita. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Kartum. Da farko mu ne masu masauki, domin mutanen birni sun yi ta kwararowa ta hanyar Madani, kowane gida a ƙauyukanmu ya buɗe ƙofarsa. A watan Disamba na shekarar yaƙin ya iso Jazira, Wad Madani ta faɗi, masu masauki suka koma baƙi. Mu dai Allah ya nufe mu da Gadarif, gidan goggona, inda muka zama mutum 26 cikin ɗaki uku da rumfa ɗaya, muka shafe fiye da shekara. Da hanya ta buɗe a 2025 muka komo, muka tarar da ɗakunanmu wayam, har ƙyauren ƙofa an cire. Kayan ɗauka a ka sun tafi. Abin da zan zayyana a ƙasa shi ne wanda ya tafi da mu Gadarif ya kuma dawo tare da mu, ba tare da ya ci mana wuri a mota ba.

Na farko ita ce gaisuwar asuba. A gidanmu idan Malam ya dawo daga masallaci ba ya zarcewa zaure, sai ya bi ƙofar kowane ɗaki ya tsaya: “Kun kwana lafiya? Ina gajiya?” Mu kuma yara mu fito mu durƙusa mu gaishe shi, mu gaida Inna, ƙarami ya gaida babba. Duka ba ta wuce minti biyar ba, amma aikinta ya fi ƙarfin tsawonta. A nan ake gane yaron da ya kwana da zazzaɓi, domin muryarsa za ta nuna. A nan ake gane wadda ta kwana da damuwa. Kuma gaba ba ta iya yin tsawon rai a gidan da dole kowa ya buɗe baki ya gaida kowa kafin rana ta fito, don da wuya ka tambayi mutum lafiyar kwanansa sau uku a jere zuciyarka ba ta sauko ba. Ga mu Hausawan Sudan akwai wata riba ta daban. 'Ya'yanmu da Larabci suke karatu, da shi suke wasa a waje, da shi suke ciniki a kasuwa. A gidaje da yawa gaisuwar safe ce ƙofar da ta rage wadda Hausa ke shiga bakin yaro ta cikinta. Ina jin ku ma da 'ya'yanku ke yini da Faransanci a lakwal kun san wannan damuwa.

Ta biyu ita ce shirya safiya tun da dare. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Yawancin hayaniyar safe da ke ɓata wa iyali yini ba ta da wani dalili illa neman abin da ba a ajiye a wurinsa ba. Inna ba ta kwanciya sai ta ga an cika butoci, an ajiye gawayi da ashana kusa da murhu, an haɗa takalman yara a bakin ƙofa, an rataye allo da jakar makaranta a ƙusarsu. Dokarta guda ce: abin da ka ɗauka, kai za ka mai da shi inda ka same shi, ko kai wane ne. A Gadarif, inda almakashi ɗaya da tocila ɗaya suke yi wa mutum 26 aiki, wannan doka ce ta hana mu cinye juna. Goggo ta buga ƙusoshi a jikin ginshiƙin rumfa, kowace ƙusa da abinta, har ƙaramin yaro ya san inda tocila take cikin duhu. Daga cikin wannan babi akwai abin da nake roƙon kowane maigida ya yi a makon nan: ya tattara takardun haihuwa, da katin shaida, da takardun makaranta, da na fili ko gona, da katin rigakafin yara, ya sa su cikin leda, ya sa ledar cikin jaka guda, ya nuna wa uwargida da babban ɗa inda take. Ba sai yaƙi ba, gobara da ambaliya ma ba sa yin sallama. Na ga magidanta da suka yi watanni suna wahalar sa 'ya'yansu a makaranta a garin baƙunta saboda takardar da aka bari cikin wani littafi a kan kanta.

Ta uku ita ce kula da ruwa. A nan Sudan randa, wadda ake kira zir, tana da daraja ƙwarai, har za ka ga an jera randuna a bakin hanya an yi musu rumfa domin mai wucewa ya sha sadaka. Amma randar da ke sanyaya rai ita ce kuma take iya kwantar da gida duka idan aka yi sake. Ɗabi'u huɗu ne a nan, kuma babu mai tsada a cikinsu. A rufe ta da murfi ko faifai kullum, wanda dama umarni ne da ya zo a hadisi game da rufe ƙorai da dare. A ware moɗar ɗiba dabam da kofin sha, kada a sha a mai da cikin randa. A juye ta a goge cikinta sau ɗaya a mako, domin sauron da ke kawo zazzaɓin denge a ruwa mai tsabta na cikin gida yake ƙwai, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana bakwai zuwa goma ne kawai. Sannan idan ana annoba, a tafasa ruwan sha ko a sa masa maganin kulorin da ma'aikatan lafiya ke rabawa. Mu mutanen Jazira muna da ƙarin jarrabawa, wato magudanan ban-ruwa da suka ratsa gonakinmu, waɗanda dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya yake zaune a cikinsu. Tsutsar ciwon ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Idan babu makawa sai da ruwan magudana za a yi wanka, a ɗebo a ajiye shi kwana biyu kafin a yi amfani da shi, domin tsutsar ba ta wuce haka da rai idan ba ta sami jikin mutum ba.

A 2024 cutar amai da gudawa ta bazu a jihohi da dama na ƙasar nan, har da Gadarif. A lokacin ne Goggo ta sa kowace mace da kowane saurayi a gidan suka haddace haɗin ruwan gishiri da sukari kamar karatun allo: lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ana ba marar lafiya kaɗan-kaɗan ana kan hanyar asibiti, domin haɗin riƙon ƙwarya ne, bai ɗauke wa kowa zuwa wurin likita ba. Wani zai ce ina ruwan wannan da jin daɗin zaman gida? Amsa ita ce, duk wanda ya taɓa kwana a zaune da yaro marar lafiya ya san cewa ciwon mutum ɗaya yana cinye barcin gida, da kuɗin gida, da haƙurin gida. Sauke gidan sauro kafin magariba da wanke hannu da sabulu kafin a sa shi a kwano suna cikin abubuwan da ke tsare fara'ar uwargida, ko da ba a saba lissafa su a nan ba.

Ta huɗu ita ce ladabin akushi. Mutanen ƙasar nan suna karya kumallo da hantsi, wajen ƙarfe goma zuwa sha ɗaya, a kawo babban tire a kewaye shi, ko da kisra, wato gurasar dawa mai laushi kamar takarda, ko da tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa. A gidanmu akwai ƙa'ida: ba a faɗa a kan abinci, ba a kawo ƙarar yaro, ba a tambayar bashi. Laifin da yaro ya yi da safe zai jira har a wanke hannu. Malam yakan ce abincin da aka haɗiya da hawaye ba ya zama jini. Na lura kuma cewa rabin laifuffukan da aka ɗage saboda abinci ba a komawa kansu, domin da ciki ya cika sai a ga ashe ba su kai a tayar da murya ba. Haka nan babu wanda ke tashi daga gaban tire bai ce wa wadda ta dafa sannu da aiki ba, kuma Malam ne ke farawa, da murya yadda za a ji daga madafa. Matar da ta tashi tun duhu ta hura wuta, hayaƙi ya cika mata ido, idan abin da take ji kullum shi ne gishiri ya yi yawa, ranar da ya yi daidai kuma a yi shiru, to kada a yi mamaki idan hannunta ya mutu. Ina kuma shawartar iyaye maza, ko da al'ada ta raba akushin maza da na mata, su riƙa cin abinci da 'ya'yansu ko sau ɗaya a yini. A bakin kwano uba yake sanin wane ne mai haɗama, wane ne mai kunya da ake cinye wa rabo, wane ne ya daina cin abinci kwana biyu.

Ta biyar ita ce yadda ake shigowa gida da yadda ake tarbar mai shigowa. Inna tana da magana: ba a tarar mai shigowa da ƙara. Wanda ya yini a gona ko a kasuwa cikin zafin Jazira, a fara ba shi ruwa, ya zauna, gumi ya bushe, sannan a gaya masa cewa akuya ta shiga gonar maƙwabci. Amma ƙa'idar tana da fuska biyu, kuma maza sun fi son tuna fuska ɗaya. Shi ma maigida ba ya shigowa da bincike. Ya yi sallama, ya amsa sannu da zuwa da fuska a sake, ya ɗauki ƙaramin yaron da ya rugo, kada idonsa ya fara sauka a kan kwanon da ba a wanke ba. Ita ma ta yini tana aiki, illa dai nata aikin ba a biyansa da yamma. Minti goma sha biyar na farkon haɗuwa su ne suke yanke hukuncin yadda daren zai kasance.

A nan ne ya dace in taɓo hannun namiji a aikin gida. Ya tabbata a ingantattun ruwayoyi cewa Manzon Allah (SAW) yakan kasance cikin hidimar iyalinsa har lokacin salla ya yi. Mun iya faɗin wannan a wa'azi, aikatawa ce take yi mana nauyi. A zaman gudun hijira na ga cewa babu abin da ya fi haɗari ga gida kamar namijin da ya rasa sana'arsa ya zauna. Mata ba su rasa aikinsu ba, domin girki da wanki sun biyo su. Maza kuwa, manomi ba gona, direba ba mota, malamin makaranta ba aji, sai zama a rumfa da sauraron labarai, daga nan sai ƙunci, daga ƙunci sai neman laifin na kusa. Kwana kaɗan da saukarmu Goggo ta sami Malam ta ce, “Yaya Malam, mazan nan idan ba a ba su abin yi ba, mu za su yi.” Ya yi dariya, ya tara mu bayan la'asar ya raba aiki: wannan ɗibar ruwa, wannan layin burodi, wannan karatun yara da safe, wannan wankin kayan maza. Shi kansa ya ɗauki sharar ƙofar gida, da shekarunsa da rawaninsa, don kada wani ya ce aikin ya yi masa ƙanƙanta. Da muka komo gida ba mu ajiye wannan rabo ba, kuma ban ga rawanin kowa ya faɗi ba.

Ta shida, wadda na fi ƙauna, ita ce zaman shayin magariba. Wannan al'ada ce da muka tarar a wurin mutanen Sudan muka riƙe: bayan sallar magariba a dafa shayi da madara, a fito da gadajen igiya tsakar gida, kowa ya hallara. Ba a kiran taro, ba a cewa yau akwai magana, zama ne kawai. A nan yaro ke ba da labarin makaranta, a nan kaka ke yin tatsuniya ko ta ba da labarin yadda iyayenta suka ratso Barno da Wadai da Darfur a ƙasa, a nan budurwa ke samun zarafin faɗin abin da ba za ta iya tsayar da uba ta faɗa masa ba. Da wayoyin hannu suka yawaita, sai muka ga ana zaune tare amma kowa yana wata ƙasa, saboda haka aka ajiye faifai a gefe, duk mai waya ya ɗora ta a kai har a kira lisha. A Gadarif akwai kwanakin da babu madara, akwai waɗanda babu sukari, akwai daren da zoɓo tsura muka sha. Goggo ba ta taɓa yarda a fasa ba. Na ga hikimarta a fuskar yara. Yaron da aka tsamo daga gidansu cikin dare, ya bar makarantarsa da abokansa, babban abin da yake nema shi ne wani abu guda da zai tabbata gobe ma yana nan. Da suka ga kowace magariba ana hura gawayi ana jera kofuna kamar yadda ake yi a gida, sai firgitar dare ta fara raguwa, masu fitsarin kwance suka fara dainawa.

Ta bakwai ita ce gaskiya a kan kuɗi, da ɗan dintsi. Yawancin zargin da ke tsakanin miji da mata a kan cefane duhu ne ke haifar da shi: ita ba ta san abin da ya samu ba, shi bai san yadda farashin kasuwa ya tashi ba. Maganinsa zama ɗaya ne a mako, su biyu, ba a gaban yara ba, a ce ga abin da ke hannu, ga abin da ke gaba. Wanda aka shawarta da shi ba ya zargi. Dintsi kuwa dabarar kakanninmu mata ce: duk lokacin da aka auno hatsin girki, a ɗebi cikin hannu ɗaya a zuba a wata tukunya dabam. Ba a jin raguwarsa a tuwo, amma bayan wata biyu ya zama abin da zai riƙe gida kwanaki. A watan Fabrairun 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke a kusan duk faɗin Sudan, mutanen da kuɗinsu ke cikin manhajar banki a waya suka wayi gari ba su iya sayen ko burodi. A gidan Goggo tukunyar dintsi ce ta ciyar da mu har layi ya dawo. Haka nan adashe, wanda a nan ake ce wa sanduƙ, shi ne ya mayar wa gidaje da yawa ƙyauren ƙofa da katifa bayan komowa.

Ta takwas ita ce kwanon maƙwabci. An yi mana wasiyya a hadisi da mu yawaita ruwan miya domin maƙwabta su samu. Ƙauyukan da ke kan hanyar Kartum zuwa Madani sun shahara da wani abu a watan azumi: gab da faɗuwar rana matasa kan tsaya a kan titi su tare motoci, su rantse sai matafiya sun sauko sun sha ruwa a kan tabarmin da kowane gida ya kawo tirensa. Da yaƙi ya zo, wannan hannu da ya saba miƙawa shi ne ya kafa tukwanen taimako na unguwa, waɗanda ake kira takaya, inda ake dafa wake ko adas a raba wa duk wanda ya zo da kwano. Alheri ma sai da sabo. Gidan da yaransa suka tashi suna kai ɗan kwano maƙwabta ba ya rasa wanda zai buga wa ƙofa da tsakar dare.

Ba na so mai karatu ya ɗauka ina cewa waɗannan ɗabi'u suna maganin kowace matsala. Ba sa tsai da harsashi, ba sa cika rumbu, ba su dawo mana da waɗanda muka binne ba. Haka kuma ba mayafi ba ne da za a lulluɓe zalunci da shi. Inda ake duka, ko ake hana ci da sha da gangan, ko ake tozarta mace a gaban 'ya'yanta, maganar ta wuce shayin magariba, ta zama ta waliyyai da malamai da alƙali, kuma wanda ya ce wa wadda ake zalunta ta ƙara haƙuri kawai ya taya azzalumi. Abin da nake cewa shi ne, tsakanin gidaje biyu da talaucinsu ɗaya, baƙin cikinsu ɗaya, na ga ɗaya ya watse ɗaya ya tsaya, kuma da na duba bambancinsu ban same shi a aljihu ba.

Mai son farawa kada ya ɗauki takwas ɗin nan gaba ɗaya ya tara iyali ya karanta musu kamar dokar gwamna, domin ba za su kai mako ba. Ya zaɓi guda, ya fara da kansa, ba tare da sanarwa ba. Kuma mu Musulmi an riga an sauƙaƙa mana, domin yininmu yana da turaku biyar da ba sa gusawa. Ɗabi'ar da aka sake ta haka nan takan ɓace kamar akuyar da ba a ɗaure ba, amma wadda aka ɗaura a jikin salla takan zauna: gaisuwa bayan asuba, duba randa bayan azahar, sauke gidan sauro da la'asar sakaliya, zaman iyali bayan magariba, shirin gobe bayan lisha. Idan guda ta kama ƙasa har yara suka fara tuna wa manya ita, sai a ƙara ta biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Ina roƙon ku, 'yan'uwa, ku sa mutanen Sudan cikin addu'o'inku, musamman waɗanda har yanzu ba su ga ƙofar gidajensu ba. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya sanya natsuwa da jin ƙai a tsakanin ma'aurata, ya shirya mana zuriya, ya jiƙan magabatanmu da suka kwanta a kan hanyar gabas. Amin.